GARGAƊI: Ya karɓi kashi 75 na kuɗin gyara, ya sayar da injin motar mahaifina

Wata 14, biya uku, kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin gaba ɗaya. Abin da na samu a ƙarshe ƙwarangwal ɗin mota ne a bayan janwe, da injin da ba nata ba, ƙofar gefenta kuma ɗaure da waya. Kashi 75 fa. Kwana tara ke nan da dawo da ita, kuma har yau idan na ɗaga tamfol ɗin da na rufe ta da shi, sai na ji kamar ni aka tuɓe a tsakiyar kasuwa.

Ba zan faɗi sunan makanikin ko sunan garejinsa ba tukuna. Ba tausayinsa nake ji ba, lauya ne ya ce in kame bakina har sai an shigar da ƙara. Amma yadda yake aikinsa zan zayyana shi tas, duk wanda ya taɓa shiga hannunsa zai gane shi.

Motar Volkswagen ce ta ɗaukar kaya, samfurin T2 na 1971, wadda ba ta da tagogi a gefe, injinta a baya, mai sanyaya kansa da iska ba da ruwa ba. Ta marigayi mahaifina ce. Da ita ya yi dakon kaya har ya aurar da mu. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a ajiye, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofinta, ta ci mazaunin batir, ta ci gindin gilashin gaba, wuraren sa jak kuwa da yatsa kana iya huda su. Na san ba ƙaramin aiki ba ne. Shekara huɗu na yi ina tara kuɗin.

Masu cewa sakaci na yi, ku saurara da kyau. Gareji uku na zagaya kafin nasa. Na farko ya tambaye ni ina lagiretonta yake, motar da ba ta shan ruwa. Na biyu ya ce in cire injin a dasa mata na wata ƙaramar mota ta zamani a huta. Na uku ko kallonta bai yi ba ya yanka kuɗi. Shi kuwa wannan, da ya zo ganinta, bai yi maganar kuɗi ba sam. Ya zagaya baya, ya buɗe murfin inji, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a ƙasa, ya sa babban yatsa ya goge baƙin mai a ƙarƙashin mazaunin dainamo, inda lambar injin take, ya haska da fitilar wayarsa ya karanta haruffan farkon lambar, masu nuna irin injin. Sai ya ɗago ya ce, "Yallabai, AD ne. 1600 ne, nata na asali. Ko me za a ba ka, kar ka bari kowa ya raba ta da injin nan."

Kar ka bari kowa ya raba ta da injin nan. Haka ya ce, da bakinsa, gwiwarsa a ƙasa.

Kuma gaskiya ya faɗa, shi ne abin da ke ƙona min rai. Duk abin da ya faɗa a ranar gaskiya ne. Ya duba lambar shasi ya ce 21 na farko na nufin ta kaya ce ba ta fasinja ba, 1 da ke biye kuma shekarar samfurin ce, 1971. Ya ce a wannan samfurin aka fara sa wa T2 birkin faranti a tayoyin gaba. Ya ce ƙirar Hanoba ce ta Jamus. Da na koma na bincika, ko ɗaya bai kuskure ba. To ku gaya min, wane mai hankali ne zai ga mutumin da ya san motarsa fiye da shi, ya ce wannan ɓarawo ne? Ni da nake ganin na yi dace. Har ƙanena na kira a daren na ce na samu wanda zai tayar da motar Baba. Ya ce, "Yaya, ka dai bi a hankali." Na ce masa kai me ka sani game da mota.

Biya na farko kashi 40 ne, kafin alƙalami, ranar da aka ɗauke ta. Akwai rasit, da sa hannunsa, zan saka hotonsa. Na biyu kashi 20. Na uku kashi 15. Ku haɗa, 75. Ban taɓa ba shi kuɗi a hannu ba sai na ukun, shi ma ina da saƙon da ya turo yana cewa ya gani ya gode.

Kashi 20 ɗin nan na ƙarafunan jiki ne wai. Ya ce sassan motar sun yi ƙaranci a duniya, sai an yi odarsu daga waje, kuma mai sayarwa ba ya motsi sai ya ga kuɗi. Na yarda saboda na san an daina ƙera T2 a Jamus tun 1979. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne an ci gaba da ƙera irinta a Brazil har 2013, kuma kamfanoni da yawa suna buga sababbin ƙarafunan jikinta har gobe, daga na ƙasan ƙofa har mazaunin batir. Ba zinariya ba ce. Amma ko da zinariya ce, ai bai saya ba. Ko ƙarfe ɗaya bai saya ba. Takardar odar da ya turo min, da na ƙura mata ido daga baya, babu sunan mai saye, babu kwanan wata, an yanke saman hoton.

A'a, bari in koma baya, don hotunan aikin da yake turo min sun riga biya na biyu. Ko kuwa tsakanin na biyu da na uku ne? Na farko dai a wata na uku suka fara zuwa. Duk ƙarshen mako sai ya turo hoto biyu ko uku: ga mota an kankare ta har farin ƙarfe, ga mai walda a ƙarƙashinta tartsatsi na tashi, ga ta an fesa mata fentin shimfiɗa mai ruwan toka. Ni kuma ina ta turawa 'yan'uwa ina alfahari. Mahaifiyata ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe zan sake ganinta a kan titi." Wannan maganar ce ba zan yafe masa ba, ba ma kuɗin ba. Ko da yake kuɗin ma ban yafe ba, kashi 75 ne.

Me ya sa ban je na gani da idona ba? Na je. Sau biyar na je. Karo na farko motar na nan, an cire kujeru da gilasai, wanda daidai ne a irin wannan aiki. Karo na biyu ya ce tana wurin masu feshin yashi a cire tsatsa. Na uku tana ɗakin fenti, ba a shiga saboda ƙura. Na huɗu ba ya nan, yaronsa ya ce ya tafi karɓo kaya. Na biyar ya tare ni tun a bakin ƙofa da fara'a, ya ja ni ofis, ya nuna min wani inji a kan teburi an wanke shi yana ƙyalli, ya ce ga naka nan Yallabai, saura zoben fistin. Ban durƙusa na duba lambar ba. Shi ya koya min inda lambar take, da yatsansa ya nuna min, amma ban duba ba. Kunya na ji, kar ya ga kamar ina zarginsa. A ranar na ba shi kashi 15, a hannu.

Ɗan ƙanwata ne ya tona asirin, yaro ɗan shekara 16 da ke son tsofaffin motoci. Yana kallon hoton fentin tokar nan sai ya ce, "Kawu, ai wannan ba motar Kaka ba ce." Na ce kai rufe min baki. Ya ce in duba siginar gaba. Ta Baba siginarta a ƙasa take, ƙarƙashin fitilu, dab da bamba. Ta cikin hoton siginarta a sama take, a gefen ragar shan iska da ke ƙasan gilashi, kuma sai daga samfurin 1973 aka mayar da ita can. Na ɗauko tsohon hoton Baba tsaye a gabanta na haɗa su gefe da gefe. Wata bakwai ina yi wa motar wani murna. Wata bakwai ina tura wa dangi hoton motar da ban san mai ita ba, wataƙila shi ma ana tura masa hoton tawa.

Da na kira shi, bai ko rikice ba. Ya ce yaron gareji ne ya haɗa hotuna, a yi haƙuri, gobe zai turo na gaskiya. Goben nan ta kai mako shida. Yau wayarsa a kashe, gobe yana asibiti da mara lafiya, jibi mai fenti ya gudu da kuɗinsa. Gafara sa dai, ƙaho ban gani ba. Duk saƙonnin suna nan, sama da ɗari biyu, ina tsara su bi da bi, zan saka su har da muryoyin da ya turo.

Ranar da na je da janwe da mutum biyu ban sanar da shi ba. Ba a cikin garejin muka same ta ba, a wani fili ne can baya, ruwan sama ya taru a cikinta saboda babu gilashin gaba. An shafa mata fenti a gefe ɗaya kawai, gefen da ke kallon hanya. Wanda na zo da shi fanabita ne tsoho, ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya ɗora a ƙasan ƙofa, ya faɗo ƙasa. Ya sake ɗorawa gaba kaɗan, ya sake faɗowa. Ya sa sukudireba ya ɓantare wurin, sai ga fila, abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, mai kaurin yatsa, a bayanta ragar waya da takarda a cuccushe, tsatsar kuma tana nan yadda na bar ta, ta ma ƙaru. Walda ko ɗigo babu. Kashi 20 na ƙarafuna ke nan.

Sai na zagaya baya. Na buɗe murfin, na durƙusa daidai yadda ya durƙusa, na goge wurin da yatsana. D. Ba AD ba, D kawai. Fanabitan ya ce na Beetle ne, ƙaramar motar Volkswagen, 1200, mai ƙarfin doki 34, nata kuwa 50 ne. Ko tashi ba ya yi, an jingina shi ne kawai don kar ramin ya zauna fayau. Tambarin VW na gaba babu, mitar gudu babu, kafireto babu, hannun ƙofar gefe da abin da take gangarawa a kai babu. Yaron garejin, da ya ga maigidansa ba ya kusa, ya ce min a hankali injin tun watan farko aka zo aka ɗauke shi. Watan farko. Ke nan ranar da ya durƙusa yana karanta lambar nan, ba motata yake dubawa ba, kayan sayarwa yake dubawa, kuma wataƙila yana da mai saye a hannu tun kafin ya miƙe. Injin da ya nuna min a kan teburi kuwa Allah kaɗai ya san na wane bawan Allah ne.

Na sha maimaita ranar nan a kaina. Ina tsaye a bayansa, hannuna a aljihu, ina jin daɗi wai na haɗu da masani. Har godiya na yi masa. Na ce Malam, Allah ya saka da alheri, ba kowa ne zai gaya min haka ba. Ya ce, "Haba Yallabai, amana ce." Ni ba yaro ba ne, na yi shekara 20 ina hulɗar kuɗi da mutane, ban taɓa sayen gaibu ba, na karɓi rasit, na je sau biyar. Ta ina zan gane? Wanda ya ce shi da ya gane, bai ji yadda mutumin nan ke magana a kan mota ba.

Tun da na fara ba da labarin, mutum biyu sun neme ni, su ma motocinsu sun kwana a garejin. Ɗaya wata 20 tasa ta yi, an dawo masa da ita babu giya. Ɗayan har yanzu bai ga tasa ba. Shi ma da lambar inji aka fara masa.

In za ka kai tsohuwar mota gyara, ɗauki hoton lambar inji da ta shasi, a rubuta su a takardar yarjejeniya, ka biya bayan ka ga aiki da idonka ba a hoto ba, ka tafi da maganaɗisu. In an ce ba a shiga ɗakin fenti, ka ce za ka jira a ƙofa.

Mahaifiyata ba ta sani ba har yanzu. Jiya ma ta tambaye ni wane launi aka zaɓa, na ce mata irin na da. Shi kuma shekaranjiya da dare, bayan takardar lauya ta isa hannunsa, ya turo min saƙo wai in turo ragowar kashi 25 ɗin a ƙarasa aiki, "saura kaɗan Yallabai." Shi ma na ɗauki hotonsa, da shi zan fara.