Sharhi kan biyan kuɗi da USDT a kasuwar gwanjon ɗalibai ta Madina

A ƙarshen kowace shekarar karatu, 'yan uwanmu da suka kammala a Jami'ar Musulunci ta Madina sukan baje kayansu a zaurukan WhatsApp na ɗaliban Najeriya da Nijar: ƙaramin firji, tukunyar lantarki, barguna, da littattafai masu mujalladai da yawa waɗanda nauyinsu ya fi ƙarfin awon jirgi. A wannan kasuwa na gwada biya da USDT, wato kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, ta hanyar wata manhajar waya da ke aikawa a kan bulokcen na Tron, wato kundin intanet da ake rubuta kowace aikawa a cikinsa.

Amfaninsa ya fito fili ne a cinikin firji. Mai kayan yana shirin komawa Kano, riyal ba ta da sauran amfani a wurinsa, kuma ba ya son bin layin 'yan canji ana gobe tafiya. Da yake an tsayar da riyal a kan 3.75 ga kowace dala tun 1986, lissafin bai ba mu wahala ba, riyal 150 ta kama USDT 40, kuma kafin mu gama sauko da firjin daga bene saƙo ya shiga wayarsa. Abin da ya fi burge ni shi ne lambar shaida da kowace aikawa take fitowa da ita, wadda kowa zai iya dubawa a buɗaɗɗen kundin bulokcen, don haka babu gardamar "na tura" da "ban gani ba".

Sai dai amfanin kusan a nan ya tsaya. Kuɗin aikawa da manhajar ke cira bai damu da girman ciniki ba, saboda haka biyan littafin riyal 15 ta wannan hanya asara ce tsagwaronta. Kantin cikin jami'a da masu sayar da abinci kuwa katin mada, wato katin banki na cikin gida a Saudiyya, suka sani, kuma tun da Babban Bankin Saudiyya ya ƙaddamar da tsarin sarie a 2021, tura riyal tsakanin bankuna nan take yake isa. Adireshin mai karɓa a Tron haruffa da lambobi 34 ne da ke farawa da T, ba ya nuna sunan kowa, kuma abin da aka tura ya tafi ke nan, babu ofishin da za a kai kuka. Kundin yana tabbatar da cewa kuɗi ya isa, amma ba ya tabbatar da cewa firji yana sanyi. Wannan har yanzu sai da shaidar wanda ya san mai kayan.

Akwai kuma batun doka, domin tun 2018 hukumomin Saudiyya suka yi gargaɗin cewa ba su amince da irin waɗannan kuɗaɗe a matsayin kuɗin ciniki ba, abin da ɗalibin da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, bai kamata ya ɗauka da wasa ba. Tsakanin ɗaliban Shari'a ma ana ta muhawara kan hukuncin kuɗin kirifto, da kuma ko shigar saƙo a waya ta cika sharaɗin hannu da hannu a musayar kuɗi. A ganina biya da USDT ya fi dacewa da ciniki mai ɗan kauri da wanda zai bar ƙasar, amma sayayyar yau da kullum a harabar jami'a na bar wa katin banki.