Boxer 100 ko TVS HLX 125: wanne ya dace da mai lodi a yashin Gumel?

Ga tambayar da ɗan uwanmu ya kawo. Yana zaune a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, ya sayar da riɗinsa da zoɓo ya haɗa kuɗin babur sabo, kuma aiki biyu yake so ya sa shi: kai buhuna kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sauran ranaku kuma ya ɗan taɓa acaɓa. Dillali ya ajiye masa guda biyu, Boxer mai inji 100 da TVS HLX 125, kuɗinsu babu nisa sosai. Wanne zai ɗauka?

Malam, ni Boxer zan ce maka. Sai dai akwai sharaɗi guda, kuma sharaɗin ya fi amsar nauyi, don haka ka yi haƙuri mu jera su tukuna.

Dukansu 'yan Indiya ne. Bajaj kamfani ne na birnin Pune da aka kafa a 1945, kuma Boxer ta samo asali daga lokacin da suke aiki tare da Kawasaki na Japan, shi ya sa tsofaffinta na farko a Indiya ake kiransu Kawasaki Bajaj. TVS kuwa hedikwatarsa tana Chennai, babbar masana'antarsa tana Hosur, shi kuma da Suzuki ya yi tasa tarayyar har suka rabu a 2001. Wanda ya hau Jincheng AX100 a zamaninta, wadda ake zuba wa baƙin mai tana tafiya tana hayaƙi, to samfurin Suzuki AX100 ne, irin wanda TVS ya fara haɗawa a Indiya a shekarun 1980. Ita HLX a 2013 ta fito, don kasuwar Afirka aka ƙera ta, adadin da aka sayar ya cika miliyan ɗaya a 2019, ya cika miliyan biyu a 2021. Na kawo wannan ne don masu cewa TVS baƙo ne da ba a gwada ba. An gwada shi, kuma ya tsaya.

A inji, gaskiya TVS ce gaba. Boxer 100 tana ba da ƙarfin doki wajen 8, HLX 125 wajen 11. A kan kwalta, kai kaɗai, ba lallai ka damu da wannan ratar ba. A yashi kuwa za ka ji ta a jikinka. Ka ɗora buhun gero a baya, ka shiga irin rairayin nan na bayan kaka da tayar amalanke ta riga ta tone, Boxer 100 sai ka dawo giya ɗaya ko biyu, kana wasa da kuloci, ƙafafunka biyu a ƙasa kana taya ta. HLX za ta fi jan wannan wurin da sauƙi. Kuma wasa da kulocin nan ba kyauta ba ne, shi ke cinye faifan kuloci kafin lokacinsa. Boxer ɗin giya huɗu gare ta. HLX 125 akwai mai huɗu akwai mai biyar, ka tambaya wacce aka ajiye maka. Giya ta biyar amfaninta doguwar kwalta, kamar daga Gumel zuwa Kano ko Haɗeja, inda inji zai huta da ihu. A cikin gona ba ta da aikin yi.

Da kuɗinka ya kai Boxer 150, mai inji 144.8 da doki wajen 12, da wannan muhawarar ta ƙarfi ta mutu. Amma ba ita aka ajiye maka ba.

Sai shan mai, inda mutane suka fi yawan tada jijiyar wuya. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, ba ma a maganar na bumburutu a ƙauye. Saboda haka kowa ya koma ƙirga ɗigon mai, kuma da hujjarsa. Ƙaramin inji ya fi ƙarancin sha idan hanya da kaya ɗaya ne, wannan ba gardama. To amma yi lissafin da kanka. A ƙaddara kana cin kilomita 100 a yini, ɗaya babur yana ba ka 50 a lita, ɗayan 45. Na farko lita biyu ke nan, na biyu lita biyu da ɗigo biyu. Bambancin bai wuce naira ɗari biyu da 'yan kai ba idan lita tana dubu. Ranar lodi ma ratar tana iya rufewa, domin ƙaramin injin da aka matse a giya biyu cikin yashi ba ya tattalin komai. Abin da ke zuƙe mai a wajenmu ya fi zama kafireta da ba a saita ba, da soson iska da ƙurar hunturu ta toshe, da taya mara iska. Wanda ya kula da waɗannan ukun ya fi wanda ya sayi babur don an ce masa "ba ya shan mai".

Wajen ɗaukar kaya kuwa, duk biyun don wahala aka yi su: doguwar kujera, kariyar ɗaura kaya ta ƙarfe, birki na ganga gaba da baya, inji mai sanyaya da iska. Ka tsuguna bayan Boxer ka dubi shokazobarta, za ka ga sifirin biyu ne, ƙarami a cikin babba. Idan kai kaɗai ne na wajen ke aiki, idan lodi ya danne sai na cikin ya karɓa. Wannan ne ya sa take ɗaukar abin da bai kamata a ɗora mata ba kuma ta kai. Ban ce ka ɗora ba. Buhu biyu na hatsi da mai buhun a kai, birkin ganga ba zai tsayar da su inda kake so ba, ko sunan wa ke jikin tanki. Idan an ba ka zaɓi tsakanin taya mai sifok da mai ƙarfen zubi, ɗauki mai sifok. Idan ta lanƙwashe a rami, mai gyaran keke ma zai miƙe maka ita. Ta zubi idan ta tsage sai sabuwa.

Daɗin zama da ƙyale-ƙyale, TVS ta fi. Ta fi santsi a hannu, kuma yawancin na yanzu suna zuwa da wurin cajin waya, abin da mai zama inda babu wuta ba zai raina ba.

To in haka ne, me ya sa na ce Boxer?

Saboda babur ɗin sana'a ba ranar saye ake auna shi ba, ranar da ya tsaya ake auna shi. Kuma zai tsaya, kowanne ne. Cen da haƙoransa za su cinye, yashi ma yana gaggauta musu. Kebur ɗin kuloci zai tsinke, fulogi zai mutu, wata rana a buɗe inji a sa fistin da ring. Abin tambaya shi ne, ranar da hakan ta faru da safiyar Alhamis, buhuna suna ɗaure, nisan me ke tsakaninka da kayan gyaran da kuma hannun da ya san injin?

A nan Boxer ta yi wa kowa nisa a ƙauyukan arewa. Najeriya tana cikin manyan kasuwannin Bajaj a wajen Indiya, kuma babur ɗin ya daɗe a hannun 'yan acaɓa, musamman bayan da Jincheng ta ja baya. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aikin bai mutu ba, ƙauyuka da ƙananan garuruwa ya koma, da baburansa da bakanikensa. Yau ka je gindin kowace bishiyar da ake gyaran babur, yaron shagon da bai fi shekara goma sha biyar ba zai kwance maka injin Boxer ya baje shi a kan buhu, ya mayar, ba tare da ya tambayi maigidansa ina wannan washa ke shiga ba. Ka duba allon mai kayan gyara na gefensa: kebur a rataye kamar igiyar guga, fulogi a kwali, cen a leda, kuma idan ka ce "na Boxer" ba ya ma waiwayowa, hannu kawai zai miƙa. Kayan suna zuwa hawa-hawa, daga na kamfani zuwa na China da 'yan kasuwar Nnewi ke shigowa da su, har da na kwance daga baburan da suka mutu. Ranar da aljihu ya yi ƙasa akwai abin da za ka sa ka kai gida.

TVS tana da nata tsarin. Kamfanin Simba ne ke rarraba ta a Najeriya, kuma saboda yawan adaidaita sahu na TVS, sunan ba baƙo ba ne ga masu gyara a birane. A Kano ko Kaduna ba za ka rasa kayanta ba. Amma kayan adaidaita ba su ne na HLX ba, kuma yadda kake nisa da babban gari haka allon mai kaya ke ƙara zama na Boxer zalla. Amsar da za ka fi ji ita ce "sai an aiko daga Kano". Mota ta tafi yau, ta dawo gobe ko jibi. Wannan kwana biyun da babur ke jingine sun cinye duk ribar doki ukun da ta fi Boxer, sun haɗa da canjin man wata guda.

Akwai wani gefen na wannan yalwar da ya kamata ka sani. Inda kaya suka yi yawa, jabu ma ya yi yawa. Kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, fistin ɗin ciki kuwa ba zai ga damina biyu ba. A kebur da madubi da murfin gefe, sayi mai araha ba komai. A abin da ke cikin inji, da baƙin mai, kar ka yi ciniki da ranka. Baƙin mai na awo da ake tsiyaya daga jarka ba a san asalinsa ba, ya kashe injina fiye da lodi.

Sai ranar sayarwa. Manomi ba ya sayen babur don hawa kawai, ajiya ce. Damina ta zo ana neman kuɗin taki, ko hidima ta taso, Boxer za ka kai kasuwa da safe ka dawo da kuɗi kafin la'asar, kuma faɗuwarta ba ta da yawa. Tun da darajar naira ta zube a 2023 sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, na hannu ya ƙara daraja. HLX ma tana sayuwa, amma masu nemanta a ƙauye ba su kai ba, dillali kuma ya san haka, zai taya ta da wulaƙanci.

Wannan farin jinin yana da kuɗinsa. Babur ɗin da ke sayuwa cikin awa guda shi ɓarawo ya fi so, domin ko bai sayar da shi ɗungurungum ba zai kwance shi ya sayar gunduwa-gunduwa. Ga kuma tabon da 'yan bindiga suka shafa wa babura masu ɗaukar kaya a arewa maso yamma. A 2021 Katsina ta hana goyon mutum uku ta kuma rufe cinikin babura na hannu a kasuwar Charanchi, Kaduna ma ta dakatar da hawa babur na wata uku. Jigawa ba ta cikin wannan halin, amma kai mutumin bakin iyaka ne, shingaye ba sa ƙarewa a hanyarka. Mai Boxer ya fi shan tambaya. Makulli na biyu da takardu a aljihu ba zaɓi ba ne a gare ka.

Wani zai ce a jira babur mai gas. Gaskiya ne Bajaj ya fitar da Freedom 125 a Indiya a Yulin 2024, babur na farko a duniya da kamfani ya ƙera yana aiki da gas ɗin CNG, da tukunya mai kilo biyu a ƙarƙashin kujera da ɗan tankin fetur na lita biyu. Dabara ce mai kyau ga mai zama kusa da gidan gas. Mutumin da ko fetur a galan yake saye, wannan labari ne na sauraro kawai.

Yanzu ga sharaɗin. Kafin ka ba dillali ko sisi, ka je garin da za ka riƙa kai gyara, Gumel ne ko Maigatari, ranar da ba ta kasuwa ba. Ka shiga shagon kayan babur biyu ko uku, kar ka faɗi abin da kake shirin saye. Ka ce a nuna maka faifan kuloci, da fistin da ring, da cen da haƙoransa, da kebur, na HLX 125. A nuna maka a hannu, ba "akwai a sito" ba. Sannan ka tambayi bakaniken da ka yarda da shi HLX nawa ya buɗe wa inji a bana. Idan kayan suna kan allo kuma ya ce ya saba da ita, to ka manta da abin da na ce, ka ɗauki TVS, don ita ta fi dacewa da yashinku da lodinka. Idan aka fara "bari in kira wani", ka koma kan Boxer, ka rage lodi zuwa abin da inji 100 zai ja ba tare da kuka ba, ka yi sawu biyu idan ta kama.

Ko wacce ka ɗauka, a buɗe kwalin a gabanka, a haɗa ta kana tsaye. Ka karanta lambar inji da ta bodi da idonka, ka gwada su da abin da aka rubuta a rasit, harafi da harafi, kuma rasit ɗin ya zo da sunanka da tambarin shagon, ba sunan dillali ba. Makonnin farko kar ka ɗora mata buhu, kar ka murɗe totur har ƙarshe, ka yi juyen baƙin mai na farko da wuri, wajen kilomita 500, don a zubar da ɓurɓushin ƙarfen sabon inji. Bakanike ya sake bin sifok da notuna ya ɗaure a wannan zuwan.