Margarita marar barasa ta yi daɗi, labarin sunanta ne ban gamsu da shi ba

Margarita asalinta haɗin giya ne: tequila, wadda ake yi da tsiron agabe a jihar Jalisco ta Meksiko, sai ruwan lemon tsami da wata barasa mai ƙamshin lemon zaƙi. Da yake ba na shan giya, marar barasa na sa aka kawo mini a wani gidan abincin 'yan Meksiko da ke Houston.

Sun goga lemon tsami a bakin kofin, suka dangwala shi cikin gishiri mai tsakuwa-tsakuwa. Gishirin nan shi ne sirrin abin: shi ke fara taɓa leɓe, tsamin ya biyo baya, zaƙin ya zo daga ƙarshe. Ƙanƙara ce kawai suka cika, kafin abinci ya iso ta narke, abin ya yi lami. Wanda zai je ya ce a rage ta.

Inda muka raba gari da su shi ne bayan takardar jerin abincinsu. Sun rubuta, ba ko "wai", cewa wani mai gidan abinci, Carlos Herrera, shi ne ya ƙirƙiro margarita a 1938 kusa da garin Tijuana na Meksiko, saboda wata 'yar rawa mai suna Marjorie King. To ai mashayar Hussong's ta garin Ensenada ma cewa take a wurinta aka fara haɗa ta a 1941, don wata Margarita Henkel. Ga kuma Margarita Sames, wata mai hali 'yar Texas, da ta ce ita ta haɗa wa baƙinta a Acapulco a 1948. Kowa dai da Margaritarsa.

Bayanin da ya fi kwanta mini a rai babu mace a cikinsa. A Sifaniyanci, margarita sunan ɗan farin furen nan ne mai rawaya a tsakiya, wanda Turawa ke kira daisy. Tun ƙarni na 19 kuwa akwai wani haɗi a Amurka mai suna Daisy, na giyar barandi da lemon tsami da kayan zaƙi. Da aka haramta giya a Amurka daga 1920 zuwa 1933, mashaya suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Tijuana, inda tequila ta maye gurbin barandi, sunan kuma ya koma harshen masu gari. Hasali ma, tun 1937 wani littafin haɗa abin sha da aka buga a Landan ya kawo kusan wannan haɗin da sunan Picador, shekara guda kafin ta Herrera.