Kajijin da nis sayo wurin mai shuke-shuken bakin hanya

Ni dai sana'ata turaren wuta, kuma duk mai wanga sana'a ta san ba ka raba turare mai kyau da kajiji, to kullum sai in ta sayen busasshe kasuwa, wani lokaci ya zo da ƙamshi wani lokaci kamar ka jiƙa kara. Shi ya sa bara da damina nic ce bari in gwada shuka nawa cikin gida in gani.

Akwai wani dattijo mai sai da dashen itace da hurannin ado bakin titi nan cikin Sakkwato, ba zan hwaɗi wurin ba don akwai ɗan ƙorafi gaba. Da nit tambaye shi kajiji dariya ya yi, yac ce Hajiya wanga ai ba hure ba ne, ciyawar hwadama ce. Nic ce Baba na sani, ita nika so. Yac ce in ba shi sati guda yaronshi zai tono min can wajen hwadamar Kwalkwalawa, ta hanyar jami'ar Ɗanhodiyo. Kuma gaskiya ya cika alkawali, ran da yac ce ran nan nis samu, leda 4 kowace da lakarta jiƙe sharkaf, naira 2,000 duka. Nan kam ba ni da ta cewa.

Inda munka samu matsala, cikin ledojin nan guda ba kajiji ba ce, aya-aya ce, wagga muguwar ciyawar da manoma ka kuka da ita. Dangi guda ne da kajiji da ayar da muka kunun aya da ita, amma in ka lura ba su kama. Kajiji karanshi a mulmule yake kamar ganyen albasa, miƙe sak ba ganye, in ka bi shi da yatsa za ka ji gaɓa-gaɓa ciki, ya fi bayyana in ya bushe. Aya-aya kuwa gajera ce, ganye gare ta irin na ciyawa kuma karanta kusurwa 3. Ni lokacin ban sani ba, kuma an yanke musu kai duka kahin a kawo, sai na dasa abina gindin katanga. Wallahi har yau ina tonon 'ya'yanta, ka cire nan ta hito can. Da nik koma nig gaya mishi bai yi gardama ba, yac ce yi haƙuri ɗiyata laihin yaro ne, ya ƙara min leda guda kyauta. Amma dai shi ad da alhakin dubawa kahin ya miƙa ma mutum.

Shawara tai ma ba ta yi min ba, wai in dasa a ƙasa in riƙa ba da ruwa sahe da marece. Ƙasar gidanmu rairayi ce, kana zuba ruwa tana shanyewa, abin da ya saba ƙahwarshi cikin taɓo ina zai iya. Biyu sunka fara jan baki. Maigidan ne yac ce a yanka tsohuwar durom gida biyu, munka cika ta da laka da ɗan takin awaki, munka huda ta sama kusa da baki maimakon ƙasa don ruwa ya zamna ciki, ga shi kuma saiwar ba ta da wurin yaɗuwa ta cinye min fili. Ruwan alwala nika juye mishi, ban da na sabulu ko omo. Abu guda, kar ki bari ruwa ya kwanta bisa lakar kwana da kwanaki, sauro za ki kiwata, ya zan dai lakar na jiƙe kullum shi ke nan.

Hunturu bai dame shi ba sai ƙura. Zahin Afrilu ne, da rana ka wuce digiri 40, ya ƙone mishi baki, dole munka ja durom ɗin kusa da dogon yaro inda zai sha ranar sahe ya huta da azahar.

Wata 9 da dasawa nit tona gehe guda. Saiwar ba ta kai girman ta kasuwa ba kuma ko rabin kwano ban samu ba, don haka wadda ka tunanin za ta daina saye daga durom guda ta ma aje wanga lissahi. Na wanke na shanya inuwa, da ta bushe nid daka kaɗan a turmi sai ga maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko sabon kaya munka sauke. Sauran na bar shi ya ƙara shekara.

Zan koma wurin Baban, don yanzu lemun tsami nika so, amma leda-leda zan buɗe gabanshi.