Sabon allo ko katin girafik: da wanne za a fara a OptiPlex 7040?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi ya kawo tambaya. Yana da Dell OptiPlex 7040 babba mai tsayuwa, da furosesa i5-6500, RAM 8 GB sanda ɗaya, tsohon faifai mai juyawa na 500 GB, babu katin girafik, wato katin da ke zana hoton wasa, sai allo mai 1366x768 wanda ƙofar VGA kaɗai gare shi. Wasansa na bayan isha'i ne da ƙarshen mako: GTA V, ƙwallo, da Euro Truck Simulator 2. Ya tara jaka 150 na CFA, wani kuma ya ce masa ya sayi allo mai 144 Hz, duk cijewar da wasan ke yi za ta wuce.

Malam, kada ka fara da allo. Allo ba ya ƙera hoto, abin da aka miƙo masa kawai yake nunawa. Mai 60 Hz yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, mai 144 Hz sau 144. Yanzu Intel HD 530 da ke cikin furosesarka ne ke zana hoton, kuma a GTA V, ko an sauke komai ƙasa, da ƙyar yake kai hoto 30 a daƙiƙa. Ka ɗora 30 ɗin nan kan allo mai 144, 30 ɗin dai za ka gani. Akwai ma abin da mai ba ka shawarar bai lissafa ba. Allonka na yanzu ɗigo 1,049,088 ne, mai 1920x1080 kuwa ɗigo 2,073,600, kusan ninki biyu. Ka ƙara wa jakin da ya gaji kaya ke nan, wasan ya fi da cijewa a kan allo mai tsada.

In kuɗin suka shiga cikin akwatin kwamfutar kuwa, tun daren farko za ka ga bambanci, ko a tsohon allon. Sai dai a nan ne mutane ke asara, don Dell ba irin kwamfutar da aka harhaɗa da hannu ba ce. Akwatin wutar 7040 babba watt 240 ne, na siririyar 180. Ba shi da wayar fil 6 ko fil 8 da manyan katuna ke sha, kuma mahaɗinsa da kart mer, wadda a Kano ake ce wa madabod, ba irin na fil 24 da kowa ya sani ba ne, balle ka ce za ka cire ka sa wani kai tsaye. Saboda haka katin da za ka saya dole ya ƙoshi da watt 75 ɗin da gurbin PCIe ke bayarwa.

Wannan shi ya fitar da RX 580 mai 8 GB, duk da ya cika kasuwa kuma kuɗinsa na jan hankali. Watt 185 yake ci, yana son fil 8 da akwatin wuta na watt 500. Wasu kan yi dabarar jawo masa wuta daga wayar SATA. Wayar ba ta ɗaukar wannan nauyin, sai ta yi zafi ta narke, ko kwamfutar ta riƙa mutuwa da zarar wasa ya yi nauyi. Da yawa daga cikin na hannu kuma sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana kafin su iso nan.

Waɗanda suka dace da kai huɗu ne, kuma ba ɗaya suke ba. GTX 1050 Ti na 2016 mai 4 GB ne mafi araha, yana riƙe ƙwallo da tuƙin tirela lafiya lau. GTX 1650 na 2019, shi ma 4 GB, ya fi shi ƙarfi, yana kai GTA V hoto 60 a 1080 in ba a ƙure saiti ba, kuma a ganina shi ne daidai wuyan i5-6500. Ka dai juya shi ka duba gefensa kafin ka biya, domin wasu kamfanoni sun yi nasu da ƙofar fil 6. RTX 3050 mai 6 GB, watt 70, ya fi su duka, amma zai iya lashe kuɗin gaba ɗaya, kuma kada a ruɗe ka da ɗan'uwansa mai 8 GB, shi yana son ƙarin waya. RX 6400 watt 53 kawai yake ci, sai dai an yi shi da layi huɗu na PCIe 4.0, gurbinka kuma 3.0 ne, don haka yana rasa wani ƙarfi a irin injinka. Idan aka miƙo maka GT 1030, tambayi irin ƙwaƙwalwarsa: mai DDR4 kusan rabin mai GDDR5 ne, suna ɗaya, kwali ɗaya.

Kada ka karɓi katin hannu, ko a kasuwar Maradi ko an aiko maka daga Yamai ko Kano, sai an sa shi a inji a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z a ga sunansa da ƙwaƙwalwarsa, a sa masa direba na ainihi, wato manhajar da ke tafiyar da katin, a kunna wasa minti 20. Akwai tsofaffin GTS 450 da aka sauya wa suna zuwa GTX 1050 Ti. Alamar da ke tona su a fili take: ƙofar VGA mai launin shuɗi a bayan katin. Na gaskiya ba shi da ita.

Wannan maganar ta shafi tsohon allonka ma. Tun daga jerin GTX 10, Nvidia ta daina fitar da siginar VGA, don haka ɗan mahaɗin DVI zuwa VGA na roba ba zai kawo hoto ba. Ka nemi mai juya HDMI zuwa VGA, wanda ke da ɗan inji a ciki. Bayan ka sa katin, wayar allo a jikinsa za ta shiga, can ƙasa, ba a ƙofofin sama na kart mer ba. Kuskure ne da ake yawan yi, mutum ya sayi kati ya ci gaba da wasa da HD 530 yana zagin mai shago.

Bayan kati sai RAM. Ƙara sanda ɗaya ta 8 GB, su zama biyu su yi aiki tare, ka sa su a gurabe masu launi ɗaya. 7040 DDR4 take ci, amma ƴan'uwanta 3040 da 5040 DDR3L ne, kuma tsagar sandunan ba wuri ɗaya take ba, don haka ka karanta lambar da ke gaban akwatin da kyau. Sai SSD, faifan da ba ya juyawa, na 500 GB. Ba ya ƙara hoto ko ɗaya a daƙiƙa, amma na SATA yana karanta wajen 500 MB a daƙiƙa inda mai juyawa ke fama da 100 da ɗoriya, kuma injinka na da gurbin M.2 in ka samu NVMe. Windows da wasannin su koma kansa, tsohon faifan ya zama rumbu. Furosesa ka bar ta. Iyakar abin da za ka hau shi ne i7-6700, kuma ribar ba ta kai kuɗin ba ga mai wasan dare.

In kuɗi sun sake taruwa sai a zo kan allo, kuma a nan ma ba 144 ne farko ba. Inci 24, 1920x1080, nau'in IPS, da HDMI ko DisplayPort. Ga mai buga ƙwallo da manet ko mai jan tirela daga Faransa zuwa Jamus, tsabtar hoto da launi sun fi yawan Hz amfani, 75 Hz ya wadatar. Mai 144 na masu harbe-harbe da linzami ne, inda tazarar hoto da hoto ke sauka daga kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa zuwa 6.9. In ka same shi da ɗan bambancin kuɗi, ɗauka, musamman mai FreeSync, tsarin da ke daidaita gudun allo da na kati, wanda katunan GTX 10 zuwa sama ke aiki da shi ta DisplayPort tun 2019. Ka shiga saitin nuni na Windows ka zaɓi 144 da hannunka, don sau da yawa a 60 yake tsayawa. Mai 2560x1440 kuwa ɗigo 3,686,400 ne, ya fi ƙarfin katunan nan. Talabijin ɗin ɗaki ma tana iya riƙe ka kafin nan, in ka kunna mata yanayin wasa don rage jinkiri tsakanin yatsa da hoto.

Ka ware wani abu daga jaka 150 ɗin don wuta da zafi, Maradi ce. Injin da katin da allon ba za su wuce watt 250 ba, don haka ondilar, wato UPS mai batirin riƙe wuta, mai 650 VA tana ba ka ƴan mintunan ajiye wasa ka kashe in kuran ya ɗauke; mai 1000 VA ta fi sakin jiki, kuma a nemi wadda ke daidaita wuta in ta yi ƙasa. A Afirilu da Mayu, da ɗaki ke haura digiri 40, katin Nvidia na rage gudu da kansa in ya kai wajen 83, sai ka ga wasan da ya fara sumul ya soma cijewa bayan rabin awa. Manhajar MSI Afterburner za ta nuna maka zafin a kusurwar allo. Ɗaga akwatin daga ƙasa, ba shi tazarar taƙi ɗaya daga bango, a goge busasshen man da ke kan furosesa a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Lokacin hunturu a hure ƙura duk wata, an cire wayar wuta, kuma a danne fanka da yatsa yayin hurawa don kada iska ta juya ta fiye da kima.