Famfon kicin: mai tiyon ja ko mai kan feshi a gefe?

A gidajen Katsina da ruwa ke saukowa daga tankin sama, ƙarfin ruwa ne ke raba gardama. Tankin da ya ɗara famfo da mita 3, matsinsa kusan bar 0.3 ne kacal.

Mai kan feshi a gefe yana da ɗan bawul cikin wuyan famfo, shi ke karkatar da ruwa zuwa tiyo in an danna. Da yashin burtsatse ya shige shi, ga ƙarfi ba yawa, sai ruwa ya rabu baki biyu, kowanne yana tsiyaya kamar hawaye. A rufe ruwa, a cire wuyan, a zaro bawul ɗin, a jiƙa shi a ruwan khal awa ɗaya, a goge da tsohon buroshin haƙori.

Mai tiyon ja, wanda ake jawo bakinsa da tiyo daga cikin wuyan famfo, ba shi da wannan bawul, hanyar ruwansa ɗaya ce. Ya fi tsada. Cutarsa ƙarfen nauyin da ke mayar da tiyon: yakan maƙale a tarkacen ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ko'ina kuwa akwai su. In mahaɗin kan tiyon na yoyo, canza zoben roba kawai.

Mai gajeren tanki, ɗauki na jan. Har bokiti a ƙasa yana cikawa.