Sabon AC mai gas R32 da muka sa wa Mma, da abin da masu tsohon R22 ya kamata su sani

Salam jama'a. Masu tambayata ko sabon AC ɗin da muka sa a ɗakin Mma a Maamobi ya ci kuɗinsa, eh ya ci, amma akwai bayani, kuma bayanin ya fi shafar wanda har yanzu tsohon inji mai gas R22 ne manne a bangonsa, don na san muna da yawa a Nima da Maamobi da Sabon Zongo.

Namu tsohon hos 1.5 ne, ya yi shekaru yana aiki lafiya lau, sai ya tsiro da wani hali, zafi na shigowa sanyi sai ya ragu, bututun waje ya yi ƙanƙara, a kira mai gyara ya zo da koriyar tukunyarsa ya ɗura gas ya karɓi kuɗi ya tafi, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Kuma kowane zuwa kuɗin ya ɗara na baya, in ka yi magana a ce ai dala ce ta tashi. To dala na da nata laifin amma ba ita kaɗai ba ce. R22 gas ne da ƙasashen duniya suka amince a daina shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cinye rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa. Amurka ta daina yinsa da shigo da shi tun farkon 2020. Mu ƙasashe masu tasowa an ɗaga mana ƙafa, ana ragewa kaɗan-kaɗan, kashi 35 cikin ɗari a 2020, kashi 67.5 a 2025, in an kai 2030 kuma sai ɗan abin da ba a rasa ba na gyaran tsofaffin injuna. Nan Ghana hukumar kare muhalli, EPA, ce ke sa ido kan shigo da shi. Abin da ake rage shigowarsa kuwa ai ba a sa ran ya yi araha.

Wani maƙwabcinmu ne ya haɗa mu da wani dattijo, kowa Masta yake ce masa, kuma wallahi rabin wannan sharhin nasa ne. Shi da ya zo ko tukunyar gas bai sauko da ita ba. Ruwan sabulu ya sa yaronsa ya kaɗa, ya riƙa shafawa a mahaɗar bututu da jikin kwayil ɗin waje yana kallo, can sai ga kumfa na tasowa tana fashewa a wurare daban-daban, jan ƙarfen duk ya yi kore ya zaizaye. Ya juyo ya ce min, "Malam, AC ba mota ba ce da za a ce ta shanye mai. Gas ba ya ƙarewa, guduwa yake. Wanda ya ɗura maka bai nemo ramin ba, kuɗinka ya sake wa iska." Ya ce iskar teku ta Accra ma na taimakawa wajen cin kwayil, mutanen Chorkor da Teshie sun fi mu shan wannan wahalar.

Na tambaye shi ko za a zuba masa R410A kawai, wannan mai tukunya ruwan hoda, tunda ya fi samuwa. Ya ce sam. Ƙarfin turinsa ya fi na R22 nesa ba kusa ba, man kwamfaresan ma ba iri ɗaya ba ne, na R22 daban na R410A daban, in ka yi ganganci kwamfaresa ce za ta tafi. Akwai wasu kamar R407C da ake maye gurbi da su amma sai an canja mai, kuma ya ce kashe wannan kuɗin a kan kwayil da ya riga ya ruɓe ba dabara ba ce. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ya ce akwai masu zuba R290 a tsohon inji don araha. R290 ɗin nan furofen ne, ɗan'uwan gas ɗin girki, yana kama wuta sosai. Akwai injunan da aka ƙera musamman dominsa kuma suna da kyau ƙwarai ga muhalli, amma a ɗura shi a injin da ke yoyo, a ɗakin da tsohuwa ke kwana ta rufe taga? Don Allah kar ku yarda. Ku tsaya ku ga tukunyar da idonku ku karanta rubutun jikinta.

Hom yus ma, wato tsofaffin injunan da aka yi amfani da su a ƙasar waje aka kawo, na so na duba, Masta ya hana ni. Doka ta hana shigo da tsofaffin AC da firiji, LI 1932 ta 2008, kuma da yawa daga irin waɗannan R22 ɗin ne dai da aka gaji da shi a can.

To muka sayi sabo, inbata (mai kwamfaresar da ke rage gudu ko ƙarawa da kanta), hos 1.5, gas R32. Dalilin da ban ɗauki R410A ba duk da cewa suna nan cike a shaguna, shi ma layinsa na tafe. Ba ya taɓa ozon amma yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin kabon kusan sau 2,000, R32 kuwa wajen 675, kuma gyaran yarjejeniyar da aka yi a Kigali a 2016 kan rage irin waɗannan gas ɗin ne. Ban so in sayi abin da gobe za a sake ce min gas ɗinsa ya yi wuya. Na kuma duba takardar taurari ta hukumar makamashi, Energy Commission, da ke manne a jiki, yawan taurari ƙarancin cin wuta, kar a sayar muku da wanda ba shi da ita.

Aikinsa gaskiya ba laifi. Shiru yake, tsohon nan in kwamfaresa ta tashi har taga sai ta girgiza, wannan in ɗaki ya yi sanyi sai ya sassauta ya ci gaba a hankali ba ya kashewa yana tashi. Mma na sa shi a 25 ko 26 ta yi barcinta, ko a zafin watan Maris bai gaza ba. Kiredit ɗin mita kuma yana daɗewa fiye da da, ni ke saye don haka ni na sani.

Wajen sawa ne muka ɗan yi sa-in-sa. Yaran da shagon ya turo so suka yi su ɗaure a kan tsohon bututu su ɗan saki gas ya fure iska shikenan su tafi. Masta ya ce ba a gabansa ba. Sabon bututu aka ja, ya jona famfon bakyum ya bar shi yana ta zuƙe iska da danshi, ya rufe ya tsaya yana kallon allurar geji sai da ya tabbatar ba ta motsa ba sannan ya buɗe gas. Sauran R22 ɗin tsohon ma a tukunya ya kwashe bai sake shi sama ba. Kuɗin aikinsa ya fi na yaran, na biya ban ji ciwo ba.

Inda nake da ƙorafi, na farko tsada, inbata ya fi wanda ba inbata ba kuɗi sosai kuma na san ba kowa ne zai iya fidda su lokaci ɗaya ba. Sai allon lantarkin cikinsa, ba ya son wutar da ke hawa tana sauka, in ya ƙone kuma gyaransa ba wasa ba ne, dole muka ƙara kuɗi muka sayi gad, na'urar da ke kare shi daga hawa da saukar wuta. R32 ɗin ma yana ɗan kama wuta duk da bai kai R290 ba, don haka ba kowane mai walda za ka bari ya kusance shi ba. Filta kuma lokacin hunturu sai an riƙa wankewa akai-akai saboda ƙura.

Amma fa ban ce kowa ya cire nasa ya yar ba. Na ɗakin yayana ma R22 ne, Masta ya duba ya tarar noti ɗaya ne kawai ke yoyo a mahaɗa, ya yanke bakin bututun ya sake buɗa shi ya ɗaure, ya cika gas, har yau yana aiki. Ya ce masa, "Alhaji, ka yi ta amfani da abinka, amma ka fara ajiye kuɗin sabo, ranar da kwamfaresa ko kwayil ya mutu kar ka sake sa masa ko sidi ɗaya." In ba ka san wane gas ne a naka ba, leƙa gefen injin waje, akwai ɗan allo da aka rubuta a kai.